Daga Bauchi zuwa Balma, Inda Ake Yin Kantu

Tun ina yaro a Bauchi nake ganin kantun gishiri jingine a turken shanun Baba, suna lasarsa har ya lotsa. Gishirin Balma muke ce masa, ni kuwa na ɗauka sunan gishirin ne kawai. Sai da na girma na san gari ne, Bilma a taswira, can cikin Kawar a arewa maso gabashin Nijar.

Na tashi a watan Nuwamba, na bi Ningi zuwa Kano, na ƙetare iyaka a Kwangwalam, na kwana a Damagaram, na wuce Agadas. Nan kwalta ta ƙare. Kimanin kilomita 600 na rairayin Tenere ke tsakaninmu da Balma, kuma ba a fita sai a jerin gwano tare da rakiyar soja. Na samu wuri a bayan wata akori-kura, na naɗe fuska da rawani kamar Buzu. A hanya muka tsaya wurin da itaciyar Tenere take a da, ƙaya guda ɗaya tilo a wannan sarari, wadda wata mota ta banke a 1973. Yanzu ta ƙarfe aka kafa. Duk faɗin hamadar nan, a ce direba ya rasa inda zai bi sai kan itaciya ɗaya! Daga Dirku muka gangara kudu.

Na zo da tsammanin tafki shimfiɗe. Abin da na tarar a Kalala, bayan gari, ramuka ne birjik tsakanin tuddan ƙasar da aka haƙo, kowane da launin ruwansa: wannan ja kamar zoɓo, wancan ruwan goro, wani ɗorawa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa, rana ta ƙafar da shi, gishiri ya yi ɓawo a sama, sai ma'aikaci ya farfasa ɓawon ya nutse. Farin da ake tsamowa shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa da ƙasa, a ɗura a kututturen dabino da aka fafe, a kife a rana. Kantu ke nan.

Wani dattijo Babarbare yana tsaye cikin rami, ruwa har ƙwauri. Da ya fito na ga ƙafafunsa duk sun tsattsage.

"Baba, ba ya yi maka zafi?"

"Ɗana, sa hannu ka ji."

Na sa, na manta da ɗan yankan da ke yatsana. Tsallen da na yi sai da yaran wurin suka riƙe ciki don dariya.

Da la'asar ayarin Buzaye ya sauka, madugu a gaba, raƙuma jere ɗauke da gero daga kudu. Balma ba a noman gero; gishiri da dabino suke bayarwa su samu hatsi. Na tuna yadda Baba yake taya kantu, yana cewa ai ƙasa ce kawai. Da ya ga ƙafafun dattijon nan, da bai taya ba.

Na sayi kantu biyu na naɗe a tabarma. Ɗaya ya karye kafin Agadas. Ɗayan ya iso Bauchi lafiya, kuma har yau yana ɗakina, na hana shanu.