Koren Jarumin Auta

Yau ina so in ba ku labarin wani ɗan mutum-mutumi na roba da ke gidana, wanda tsawonsa bai kai taƙi guda ba, amma ya sa ni zubar da hawaye a tsakiyar kasuwa a ƙasar da ban san kowa ba, ya kuma sa mahaifiyata ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina yaro.

A Tudun Wadan Zariya muka tashi. A tsakiyar shekarun 1990 gida ɗaya ne ke da bidiyo a layinmu, kuma duk ranar da aka kawo wuta da yamma sai mu yara mu cika falon mutanen nan, mu zauna a ƙasa kamar almajirai gaban malam. Kaset ɗin da muka fi so shi ne Power Rangers. Turancin ba jin sa muke ba, launi kawai muke bi: ja, baƙi, shuɗi, ruwan ɗorawa da ruwan hoda. Daga baya sai ga wani kore ya ɓullo, da garkuwa ruwan zinariya a ƙirji, da wata wuƙa da yake busawa kamar sarewa, in ya busa sai wani ƙaton dodon ƙarfe ya taso daga cikin teku. Da an kashe bidiyo sai mu ruga fili, kowa ya zaɓi launinsa, a yi ta tsalle da shuri har a kira magariba.

Ƙanena, Autanmu, shi ba ya zuwa filin. Da ciwon sikila aka haife shi, kuma duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san yadda yake cin gaɓoɓi, musamman in sanyin hunturu ya shigo. Tsalle ɗaya zai iya jawo masa kwana uku a kwance, Inna tana gasa masa gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi. Sai ya zauna a zaure yana gina jarumai da yumɓun bakin kududdufi, lokacin da sauran yara ke gina shanu da raƙuma. Matsalar yumɓu ita ce in ya bushe ya sandare, ka ce za ka ɗaga masa hannu sai ya ɓalle. Da ya gaji da wannan sai ya koma karan dawa. Ya yanka shi gaɓa-gaɓa, ya zira wayar tagulla da ya ciro daga wata matacciyar rediyo, ta yadda gwiwa za ta lanƙwashe, kafaɗa ta juya. Ya naɗe shi da koren ƙyalle, ya yanko kwalin taba mai ruwan zinariya ya yi masa garkuwa. Ba na manta ranar da ya nuna mini, ya durƙusar da shi ya miƙar, ya ce, "Yaya, ka gani, nawa dai gwiwarsa ba ta ciwo." Yana da shekara goma sha uku Allah ya karɓi abinsa. Jarumin kara kuwa ban san inda ya shiga ba.

A 2016 na samu zuwa Japan kwas na wata shida kan noman shinkafa, a garin Tsukuba. Ɗaya daga cikin malamanmu, mutum mai furfura da kamun kai, yana da wani ɗan mutum-mutumi a kan teburinsa, mai manyan idanu da ƙaho biyu siriri da jan gyale a wuya. Na daɗe ina satar kallonsa, rannan dai na kasa haƙuri na ce, "Malam, wannan ai kan fara gare shi." Ya yi dariya ya ce fara ce kuwa. Sunansa Kamen Rider, wani mai zane Shotaro Ishinomori ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a talabijin a 1971, lokacin shi malamin yana firamare. Da na ce masa a garinmu soya ta muke da yaji mu cinye, sai da ya cire tabarau ya share ido don dariya.

Na ce mu kuma namu jaruman na Amurka ne, Power Rangers. Nan ya gyara zama ya warware mini abin da na shekara ashirin ban sani ba. Kamfanin Toei na Japan a 1975 ya fara yin jerin shirye-shiryen jarumai masu launi-launi, waɗanda ake kira Super Sentai. Na 1992 sunansa Kyoryu Sentai Zyuranger. Shi ne wani ɗan kasuwa Haim Saban ya sayi izininsa, aka ɗauki wuraren faɗa da aka rufe fuska, aka cire wuraren da fuskokin Japanawa ke bayyana, aka sa matasan Amurka a madadinsu, aka fito da shi a 1993. Sai na tuna musun da muka sha yi da Auta: me ya sa mai ruwan hoda take da ɗan siket amma mai ruwan ɗorawa ba ta da shi, alhali duk mata ne? Ashe a Japan mai ruwan ɗorawa namiji ne. Auta ya sha cewa tafiyarta ta maza ce, ni kuwa ina yi masa dariya.

Wata Asabar malamin ya kai ni Tokiyo, wata kasuwa mai hawa-hawa da ake kira Nakano Broadway, inda shagunan Mandarake suke, masu sayar da tsofaffin littattafan zane da kayan wasa tun 1980. Mai karatu, abin sai wanda ya gani. Akwatunan gilashi ne jere daga ƙasa har sama, cike da jarumai, ga Ultraman wanda ya fito tun 1966, ga Kamen Rider kala-kala. Abin da ya fi ba ni mamaki, yara ƙalilan ne a wurin. Magidanta ne, wasu da jakar ofis a hannu, sun sunkuya suna leƙen gilashi shiru kamar masu duba mara lafiya.

Ya nuna mini irin waɗanda ake kira S.H.Figuarts, na kamfanin Bandai, da aka fara fitarwa a 2008. Tsawonsu wajen santimita 15 ne. Wuya na juyawa, kafaɗa na juyawa, gwiwar hannu da ta ƙafa suna naɗewa, ƙugu na karkacewa, har yatsun ƙafa suna tanƙwaruwa. A cikin kwalin akwai tafukan hannu daban-daban, na dunƙule, na buɗe, na riƙe makami, ka cire wannan ka ƙwama wancan. A jikin kwalin an rubuta cewa na 'yan shekara 15 ne zuwa sama. Wato tun daga masana'anta an san ba yara ake yi wa ba, iyayensu ake yi wa, waɗanda suka kalli shirin suna ƙanana, yanzu kuma suna da albashi. Ya kuma koya mini dokar kasuwar: wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi wanda aka buɗe tsada, ko da lafiyarsa ƙalau. Ko kusurwar kwali ce ta lotse, sai a rubuta a takardar farashi a rage kuɗi.

A layi na uku na gan shi. Kore, da garkuwar zinariya, da wuƙar sarewa a gefe. Na tsaya cak. Malamin ya ce, "Ka san shi? Dragon Ranger ke nan, Burai." Na ce mu Tommy muka sani. Ya ce a Amurka ƙarfinsa kawai ya ƙare ya koma gida, daga baya ma ya dawo da fararen kaya. Amma a nasu na asali, koren nan ɗan'uwan jan ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da ya bayyana kwanakinsa ƙidayayyu ne. An ba shi aron rai na ɗan lokaci, akwai wani koren kyandir da ke ci yana raguwa, duk fitowar da zai yi don ya taimaki ɗan'uwansa daga cikin sauran lokacinsa ake cirewa. A ƙarshe ya miƙa wa ɗan'uwan garkuwar da wuƙar, ya mutu a hannunsa.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Auta bai taɓa sanin wannan labari ba, Turawa sun yanke shi kafin ya iso Tudun Wada, amma cikin jarumai shida wanda kyandir ɗinsa ke ci ya zaɓa. Malamin bai tambaye ni komai ba, ya juya yana kallon wani gilashin har na gama. Na biya kuɗin da ya kai na cefanen kwana huɗu, na ɗauki wanda ba a buɗe ba.

Da na dawo gida sai na naɗe kwalin a leda na sa a can ƙasan durowa. Shekara bakwai yana nan. Lokaci-lokaci in kowa ya yi barci in fito da shi in duba ta tagar robar da ke gaban kwalin, in mayar. Ɗana na fari, wanda na sa wa sunan marigayin, ya taɓa hango shi ya miƙa hannu, na daka masa tsawar da sai da uwarsa ta leƙo.

A 2023 Inna ta zo mana zaman jego. Tana neman katin asibiti a durowa sai ta ci karo da shi. Da na dawo daga aiki na tarar da ita zaune, kwalin a cinyarta.

"Zo nan. Mene ne wannan? Gunki ka kawo mini cikin gidan da ake salla?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ba gunki ba ne, abin wasan yara ne."

"To wane yaron ne ke wasa da shi?"

Na yi shiru. Ta ce ita ba malama ba ce, amma a Islamiyya an karantar da su cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yar tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya sa malamai suka yi sauƙi a kan abin wasan yara. "Amma abin da ƙato zai ɓoye, ya hana yaro taɓawa, ya riƙa fitowa da shi cikin dare yana kallo, ni ban san sunansa ba. Kai ka faɗa mini."

Sai na ba ta labarin duka, tun daga kyandir har garkuwa. Ta ɗaga kwalin kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Irin na Auta ne. Har da abin ƙirjin." Ta sa bakin zanenta ta goge ido. Ta ce, "Shi da ya yi nasa da kara, kowane yaro a layin nan sai da ya taɓa. Addu'a yake bukata a wurinka, ba ajiya ba. Kira mini takwaransa."

Ita da kanta ta sa farce ta yanke salatif ɗin da na shekara bakwai ina tsaro. Na ji wani abu ya tsinke mini a ƙirji, don na san rabin kuɗin ya tafi a wannan daƙiƙar, sai kuma na ji kunyar kaina da wannan lissafi. Na kwashe ƙananan tafukan hannun na adana saboda jaririya, na miƙa wa yaron sauran. Abin da ya fara yi shi ne ya durƙusar da shi, ya miƙar, ya sake durƙusar da shi, ya ɗago ya ce, "Abba, gwiwarsa kamar ta mutum!" Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu zinariyar garkuwar ta kankare a gefe ɗaya, wuƙar ta faɗa bayan kujera sau ba adadi, ƙafar hagu ta yi sako-sako har sai an jingina shi yake tsayuwa. A Nakano ba na jin za su karɓe shi ko kyauta. Jiya da yamma na same shi a zaure, yaran maƙwabta uku sun kewaye shi suna gardamar wanda zai riƙe.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Auta a addu'a, da sauran yaranmu masu fama da sikila. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.