Sai da na saurari shirun kwamfutar kafin na biya

Baba ya haura shekara tamanin, kuma tun damanar bara na lura labaransa sun fara gajarta. Da can in ya ɗauko zancen yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sai ya lissafo maka wanda ya bi ɓarauniyar hanya zuwa Jibiya neman hatsi, da wanda ya sayar da shanun hudarsa, da gidan da aka fara cin dusa. Yanzu yakan kai tsakiya ya tsaya, ya ce, "To, wane ne ma?" Shi ya sa na ƙudura in rubuta abin da ya rage a kansa. Sai dai ni malamin lakwal ne a nan Cadawa, in na dawo da yamma hannuna ba ya iya bin bakin tsoho da biro.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ne ya ce yanzu na'ura tana jin Hausa ta mayar da ita rubutu. Gaskiya ya faɗa. Whisper, wadda OpenAI ta fitar a 2022, ta sa Hausa cikin harsunanta, kuma a Oktoban 2024 Google ta ƙara Hausa cikin harsunan da ake yi wa waya shifta da su. Waya kam ina da ita, amma kullum a cike take, kira na katse ɗaukar murya, ga gyaran dogon rubutu da ɗan yatsa ɗaya azaba ce. Na sayar da buhu uku na aya, na nufi Maraɗi neman kwamfutar cinya ta hannu.

Mai shagon ya nuna mini faifanta, da batirinta, da hasken fuskarta. Da na tambaye shi makirfo, sai ya yi dariya. "Haba Mushe, wa ke tambayar wannan? Ai kowace tana da shi." Tana da shi mana, ɗan rami ne kamar hujin allura a gefen kyamara. Ni kuwa don wannan hujin na rabu da ayata. Cikin hayaniyar kasuwa ba abin da za ka iya aunawa, don haka na bar masa rabin kuɗin, ƙanena ya tsaya mini, ya ba ni ita aron kwana ɗaya.

Bayan sallar isha, da gari ya lafa, na rufe ɗaki na buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kyauta. Abin da na fara ɗauka shi ne shiru. Daƙiƙa goma ban yi ko tari ba. Ma'aunin manhajar yana farawa daga sifili a sama ya gangaro ƙasa, kuma gwargwadon nisan lambar daga sifili, gwargwadon tsabtar shirun. A kan batiri, tawa ta tsaya wajen -55. Da na sa abin kunne na ƙara murya, sai na ji wani siririn "sss" kamar ana zuba gero a ƙwarya daga nesa. Wannan hushin kayan cikinta ne, domin abin da ke mayar da murya lambobi yana zaune ne a allo ɗaya da sauran sassan da wuta ke kai-komo a cikinsu.

Sannan na jona caja. Nan take ma'auni ya haura kusan -40, wani gurnani ya shigo ƙasa-ƙasa. Wutar da yankinmu ke samu, wadda layinta ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in caja ba ta kirki ba ce ko gidan ba shi da wayar ƙasa, wannan kaɗawar takan kutsa cikin sauti. Ɗakina ba shi da ita, kamar yawancin ɗakunan garin nan. Ana cikin haka fankar kwamfutar ta tashi, ita ma ta shiga layi. Na gwada ƙara wa makirfo ƙarfi a saitinsa, sai na ga murya da ƙara tare suke hawa, tamkar ka ƙara wa kunu ruwa don ya isa kowa.

Wani zai ce ɗan wannan hushin me zai hana? Kunnen mutum ba ya damuwa da shi, don mutum ya san zancen. Amma Hausa harshe ne da ɗan ƙanƙanen abu ke juya ma'ana. Tsakanin kafa da ƙafa, ɗan maƙalewar maƙogwaro ne kawai. Baki, da baƙi na launi, da baƙin da suka sauka a gidanka, ga su nan kusa da juna. Su s da sh da ts kuwa, a daidai wurin da hushin yake suke zaune. Na rubuta jimloli ashirin masu irin waɗannan kalmomi, na karanta su sau uku iri ɗaya, na aika wa manhajar. Da makirfon jikinta, caja a jone, jimla takwas kacal suka fito daidai. Da na zare caja, sha uku. Da na sa abin kunne mai makirfo a gefen baki, sha bakwai. Dalilin a fili yake, duk lokacin da ka ninka tazarar baki da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da rabi, ƙarar cikin na'ura kuwa tana nan yadda take. Ga Baba, wanda muryarsa ta yi ƙasa, kuma ba ya zama sai a tabarma jingine da bango, hujin allurar nan ba zai yi ba.

Washegari na koma na gaya wa mai shago abin da na ji. Bai yarda ba sai da na sa masa a kunne. Ya rage mini jikka biyar, na cika na sayi ɗan akwatin sauti na USB, wanda ke fitar da aikin daga cikin kwamfutar, da abin kunne mai makirfo. Da su gurnanin ya ragu sosai, duk da haka na saba in cika batiri da rana in yi ɗauka babu caja.

Akwai kuma kurakuran da ba laifin makirfo ba ne, gara in faɗa kada wani ya yi ta sayen kaya a banza. Baba Hausar nan yake yi, ta "tahi" da "hwaɗi" da "kuran", manhajar kuwa da alama Hausar Kano da ta rediyo ta fi sha. Ya ce a shekarar ya sayar da akuya jikka biyu, ita kuma ta rubuta ya sayar da akuya da jika biyu. Na karanta masa, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ko yunwa ta kai yunwa ba mu kai nan ba." Irin waɗannan da hannu nake gyara su, sautin kuma ina adana shi dabam, don shi ne asalin.

Daren farko ya ƙi sa abin kunnen, wai zan mayar da shi direban jirgi. Sai da autarmu ta sa ta yi masa gaisuwa ya ji muryarta ta dawo, sannan ya miƙo kai. Ya fara daga shekarar da aka haƙa rijiyar unguwarmu, ya zo kan mutumin nan da ya fara bin hanyar Jibiya, ya tsaya. Na bar na'urar tana tafiya. Shirun ya yi kusan minti ɗaya, ba gurnani, sai numfashinsa da kukan gyare a waje. Can ya ce, "Yawwa, na tuna shi. Rubuta."