Ko Mai Sauraron Waƙa Ma Yana da Gado?

Bahaushe ya daɗe da raba makaɗa gida biyu, na gado da na haye. Na gado ya tashi ya tarar da kalangu a rataye a ɗakin mahaifinsa, na haye kuwa shi ya kai kansa. Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, na haye ne, domin mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko mai sauraro ma yana da nasa gadon.

Iyakar Jibiya ta dace da wannan tambaya, domin wuri ne na jira. Direbobin manyan motoci masu nufin Maraɗi kan shafe sa'o'i a Magama kafin jami'an kwastan su gama da takardunsu. Harshensu ɗaya, ranar da ke dukansu ɗaya, amma wani yakan kunna waƙa don ya sauke gajiya, wani don a taru a yi raha, wani don kewar gida. Akwai kuma wanda kiɗa bai fi ƙarar inji ba a kunnensa.

A 2025 masana a cibiyar Max Planck suka fitar da bincike kan tagwaye fiye da 9,000 a ƙasar Suwidin. Sun kwatanta tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu kusan ɗaya ne, da waɗanda suka fito daga ƙwai biyu. Sun tarar na farkon sun fi yin kama wajen jin daɗin kiɗa, har suka ƙiyasta cewa gado na iya ɗaukar kashi 54 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. Sun kuma ga cewa gadon ba dunƙule yake ba: abin da ke sa mutum ya nemi waƙa don sanyaya zuciya ya ɗan sha bamban da abin da ke sa ƙafarsa ta motsa.

Hali ma yana da rabonsa. Tun a 2003 Rentfrow da Gosling, a Jami'ar Texas ta Amurka, suka nuna cewa mai son sabon abu ya fi karkata ga kiɗa mai sarƙaƙiya, mai son shiga jama'a kuma ga kiɗa mai zafi. Sai dai wannan karkata ce kawai, ba ta yanke wa kowa hukunci.

Abin da jini ba ya zaɓa shi ne waƙar kanta. Wannan aikin gida ne da kasuwa da tashar mota. An rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kaya suka tsaya, amma waƙoƙi suka ci gaba da ƙetarawa daga waya zuwa waya.

Saboda haka uban da ke ganin ɗansa ya lalace don ba ya rabuwa da waƙa, da abokan da ke kiran wanda kiɗa ba ya motsa shi mai busasshiyar zuciya, duk suna iya ɗora laifi kan abin da mutum ya zo da shi duniya. Tarbiyya tana da iko a kan abin da yaro zai saurara da lokacin da zai saurara. Ikonta a kan yadda kiɗa zai ratsa shi kaɗan ne.