Furar Gangara

Da rana ta take a Gangara ta ƙaramar hukumar Jibiya, ɗan acaɓa da manomi inuwar mai fura suke nema. Ita ko ta zauna da ƙwaryarta, tana murje curin gero da ludayi, ƙamshin citta da kanumfari yana tashi, tana ɗan ƙara nono har ya yi daidai. Dattijo zai ce kada a sa masa sukari, kuma gaskiyarsa ce, domin sukari kashe tsamin nonon yake yi.

Daga ɓangaren Maraɗi kuma cuku da dabino ke shigowa. Da aka rufe iyakar Nijar a Agustan 2023, bayan juyin mulkin ƙasar, fatake sun ji jiki har zuwa Maris na 2024. Masu fura dai ba su daina dama ba, tunda geron na gida ne.