Alhakin ɗan kasuwa da na ɗauka

A bazarar 2021 wuta ta ɗauke a unguwarmu ta Birni, ta komo da ƙarfi, ta ƙone katin hoto na kwamfutar ɗan ƙanena. Da wannan kati yake haɗa bidiyon biki da na suna, da shi yake ciyar da mahaifiyarsa. Muka nufi kasuwar Dole, wurin wani aminina mai sayo kayan lantarki daga Kano. Kuɗin da ya yanka ya ninka wanda muka sani. Na ce masa: «Alhaji, ka ji tsoron Allah!» Na juya ba ko sallama.

Da na bi diddigin lamarin, na tarar alhakinsa na ɗauka. Ran katin nan wata ƴar ƙwaya ce da ba ta cika tafin hannun yaro ba. Kamfanonin Amurka, Nvidia da AMD, su ke tsara ta, amma ƙirar sai a Taiwan wurin TSMC, ko a Koriya ta Kudu wurin Samsung. Injin da ke zana mafi kyawun ƙwayoyin kuwa, kamfanin ASML na Holan kaɗai ke yin sa, kuma kowane guda ya haura dalar Amurka miliyan 100. Maƙera kaɗan ne, duniya duka na layi a bakin maƙerarsu.

A 2020 annobar korona ta tsare mutane a gida, kowa ya nemi kwamfuta. Masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum kuma suka dinga kwashe katunan. Katin RTX 3080 ya fito a Satumban 2020 a kan dalar Amurka 699, amma ko a can sai da ya ninka a hannun ƴan kasuwa. Kafin kaya irin wannan ya iso Damagaram, an ɗora masa kuɗin jirgi, da na mota, da na duwan, da na canji. Farashin ya sauko a 2022, shekarar da Ethereum ya bar haƙa da kati, sannan daga 2023 masu gina ƙirƙirarriyar basira suka shigo layin da jakunkunansu.

Mu ma'aikata ba mu manta Janairun 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa da rabi. A Dakar aka yanke hukuncin, amma mai shagon unguwa muka zaga, domin shi idonmu ke gani.

Na koma na ba Alhaji haƙuri. Ya yi murmushi, ya fiddo wani katin na hannu, ya ba yaron bashi zuwa bayan salla. Sharaɗi guda ya gitta: mu fara sayen na'urar daidaita wuta. Ya ce farashin Taiwan ya fi ƙarfinmu duka, amma tsare abin da muka riga muka saya yana hannunmu. Ran nan, a shagon nasa, muka saye ta.