Tsawar Nas: Abin da Dutin Dare da Lokum Suka Koya Mini

A ƙasar Fagam, idan mata suka haɗu a gidan suna aka taɓo zancen asibiti, kafin a ambaci tsadar magani sai an ambaci bakin nas-nas. Wata ta ce ba mu da mutunci, wata ta ce gara ta haihu a ɗakinta da ta je a yi mata tsawa a gaban surukarta. Ni 'yar garin ce, kuma nas ce. A makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu na yi karatu, na kuma shafe shekaru a asibitocin gwamnati na wannan yanki, galibi a ɗakin haihuwa. Ba zan ce matan nan ƙarya suke yi mana ba. Abin da zan iya shi ne in faɗi daga ina tsawar take tasowa, tunda a cikinta na yi wayo a aikin.

Dutin dare yakan kama daga wajen ƙarfe tara zuwa takwas na safe, kwanaki a jere, sannan a ba ki hutu. Da rana asibiti cike yake da ma'aikata: ga likita, ga mai gwajin jini, ga mai ba da magani, ga masu yankan kati. Da dare kuwa sai a bar nas ɗaya ko biyu, da mai shara, da maigadi. Likita yana gida sai an kira shi. Kuma a daren ne manyan matsaloli suke isowa. Mace ba ta fitowa daga ruga ko ƙauye da farkon naƙuda. Sai an sha rubutu, an gwada jiƙo, ungozoma ta yi iya yinta, maigida ya dawo ya ba da izini, an nemo mota ko babur. Kafin ta iso mana ta kwana biyu a durƙushe, ko jijjiga ta kama ta, ko jini yana zuba. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, ga kuma yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini. Wuta ta ɗauke, kina neman jijiya da fitilar waya, kina lissafin wa zai ba da jini cikin dangi, da ko za a samu kuɗin man motar da za ta kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A wannan lokacin ne tsohuwa za ta dafa ki ta ce, "Malama, ya jikin nata?" Amsar da take samu ita ce abin da ake ba da labari a gidan suna.

Na daɗe ina ɗauka gajiya ce kaɗai take kawo tsawar. Sai na lura da yadda safiya take wayewa. Wajen miƙa aiki, babbar sista za ta karanta rahoton dare a gaban gadon majinyata, ta tsince ki da faɗa da Turanci kan awon da ba ki rubuta ba, ba tare da ta tambayi mutum nawa kika karɓa ke kaɗai ba. Ita ma ɗazu likita ya yi mata. Ke sai ki huce a kan ɗaliba, ɗaliba ta huce a kan mai shara, a ƙarshe abin ya sauka a kan matar ƙauye, wadda ba ta da na ƙasa da ita. Rosta, wato jadawalin duti, ma haka take: ƙarama da wadda ba ta da kowa a sama su ne na dare, su ne na ranar Sallah. In kin yi ƙorafi a ce, "Mu ma haka aka yi mana." Da wannan magana ake gadar da muguwar tarbiyya daga aji zuwa aji.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne lokum. Albashi ba ya kai wata, don haka a kwanakin hutuna na fara tafiya Kano ina riƙe wa wani asibitin kuɗi duti. Ƙawayena da suka tafi Ingila suna yin irinsa ta hannun kamfanoni masu tura nas duk inda aka rasa ma'aikaci, a biya su bisa awa. Namu babu kamfani, babu takarda: kiran waya ne, ki yi dutin, a ƙirga miki kuɗinki. A can na ji muryata tana cewa, "Sannu Hajiya, bari in gyara miki matashin. Ko a kira miki likita?" Ni ce dai, kuma a gajiye nake fiye da yadda nake a gida, domin daga makon dare na taho. To ina tsawar ta tafi? Hajiya tana da lambar mai asibitin. In ta kai ƙarata ba za a sake kirana ba. Matar da ta fito daga rugagen Gwaram ba ta san ma akwai inda ake kai ƙara ba. Ranar na gane cewa ladabin yana nan a bakina, zaɓen wanda zan yi wa nake yi. Na kuma gane cewa hutun da aka ba ni don in dawo wa talakawa da ƙarfina, shi nake sayar wa masu kuɗi, in kawo wa mutanen garinmu ragowar.

Wannan ba ya wanke hukuma. A 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ta ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarmu ta NANNM ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunta akwai ƙarin alawus na duti da ɗaukar sababbin ma'aikata. Wanda ya bar mace ɗaya da ɗaki guda cikin duhu yana da kaso a duk abin da ya fito daga bakinta. Sai dai ba shi ne yake biyan farashin ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. A Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin yoyon fitsari tun 2008, yawancin masu jiran tiyata doguwar naƙuda ce ta kai su. Macen da aka yi wa tsawa sau ɗaya za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabtanta, kuma ciki na gaba a gida za a yi ta fama har sai ya ɓaci.

Gyaran da na samu daga wata dattijuwa mai shara na koye shi, Bafulatana, wadda ko firamare ba ta yi ba. Duk wanda ya shigo da dare sai ta gaishe shi da harshensa, ta ce, "Inna, zauna nan, Malama tana kanta." Daga nan sai ta ba kowa aiki: wannan ya riƙe fitila, wancan ya je ya taso masu ba da jini. Dangin da aka gaya wa abin da ake ciki, aka kuma ba su abin yi, ba sa cika ɗaki da tambaya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin minti guda. Yanzu haka nake yi. Na rage lokum, ba na yinsa dab da makon dare. Ɗaliba in ta yi kuskure, a ofis nake gyara mata, da Hausa, ba a gaban majinyaci ba.

Ga magidanta: da zarar naƙuda ta fara ku fito da iyalinku, ku bar izini tun kafin ku yi tafiya. Ga gwamnatin Jigawa: kada a bar ɗakin haihuwa da nas ɗaya da dare, a sa wutar sola mai aiki, a biya alawus a kan kari. Ga manyanmu a aiki: abin da aka yi muku ba hujja ba ce ta yi wa na baya. 'Yan uwana nas-nas kuma, duk wadda ta iya cewa "sannu Hajiya" a Kano, ta iya cewa "sannu Inna" a Fagam.