Yaɓen Dir'iyya

Dir'iyya tana gefen Riyad, a bakin Wadi Hanifa. Fadojin Al Sa'ud na farko a unguwar Turaif duk ginin ƙasa ne, sai ka rantse cikin birnin Zariya kake. Sojojin Ibrahim Basha suka ci garin a 1818 suka rushe shi. Yanzu an gyara, yaɓen ya yi sumul har ya so ya yi yawa.

Da shekarar karatu ta ƙare, na sallami yaran da nake koya wa darasin yamma, na taho nan. Ana tsakiyar zango Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. A waya na karɓi gaisuwa, washegari na shiga aji. Shi ke yaɓe katangarmu kafin kowace damina. Daga Bujairi na kira gida: "Yaya, wa zai yi yaɓen bana?" Ya ce har sun sayo bulo.